Zancen Malam: Wace Irin Iska Mu Ke Sha a Fili?

 

Bahaushe ba ya cewa zai fita ya shaƙi iska. Cewa ya ke yi za shi shan iska, sai ka ce iskar nan ruwa ce a ƙwarya. Akwai hikima cikin wannan magana. Gama babban mutum ya kan sha ruwa lita 2 ko 3 a yini, amma iskar da ke shiga huhunsa tana fita a kwana ɗaya ta kai lita 10,000, watau cikin jarka 400 mai lita 25. Ruwan kuwa mu kan duba shi kafin mu kai baki. In mun ga ya gurɓace sai mu bar shi ya kwanta, ko mu tace, ko mu tafasa, ko mu zubar mu ɗebo wani. Iska fa? Ba mai tace ta, ba kuma mai iya cewa yau ya ƙoshi, sai gobe.

A birnin Kano mai son shan iska yana da wurin zuwa. Ga Gidan Zoo, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, inda iyaye ke kai yara ran hutu. Ga Filin Sukuwa a Nasarawa, inda samari ke buga ƙwallo, manya kuma suna zagayawa da sassafe domin likita ya ce su rage teɓa. Mu nan ƙasar Bunkure da Kura ba mu da irin waɗannan. Wurin shan iskarmu shi ne dandali, da filin makaranta, da harabar majami'a, da gindin darbejiya a ƙofar gida. Uwa in hayaƙin murhu ya cika tsakar gida sai ta ce wa yara, "Ku fita waje ku sha iska." Nufinta mai kyau ne. Amma daga watan Nuwamba zuwa Maris ya kamata mu tsaya mu tambaya, me ke cikin iskar da mu ke tura su su sha?

Bari mu fara da abin da ido ke gani. Sa'ad da babbar mota ta wuce a hanyar da ba kwalta, ƙura ta kan tashi ja wur, kowa ya kau da kai ya rufe hanci. Wannan ƙurar tana da ban haushi, tana ɓata wanki, amma ba ita ce mafi mugunta ba. Ƙwayoyinta manya ne. Gashin hanci da majina su kan tare yawancinsu, mutum ya yi atishawa, ya fyace, shi ke nan. Wadda likitoci ke tsoro ita ce wadda ido ba ya iya rarrabewa. Masana suna auna ta da wani ɗan ma'auni da a ke kira maikiron. Kaurin silin gashin kan mutum ya kan kai maikiron 70. Ƙwayar da a ke magana kuwa ba ta wuce maikiron biyu da rabi ba, don haka za ku ji a rediyo ana ce mata PM 2.5. Sai an jera wajen 30 kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Irin wannan ba ta tsayawa a hanci. Ta kan bi maƙogwaro ta gangara har can ƙuryar huhu, inda iska ke saduwa da jini, mafi ƙanƙanta a cikinsu ma har su ratsa su shiga jinin.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake tsai da iyakar abin da ya kamata a samu na wannan ƙwaya a cikin iska. Lissafinsu yana da wuyar riƙewa, saboda haka ga yadda na kan fassara shi ga 'yan aji shida. Ka ɗauki ƙwayar shinkafa guda ɗaya tak, ka raba ta kashi 30, ka niƙe kashi ɗaya ya yi laushi kamar toka, ka watsa shi cikin iskar ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. To, ka kai iyakar yini guda ke nan. Ta shekara ma ta fi haka tsanani sau uku. Yanzu ka tuna da ranar da hazo ya rufe har ba ka hangen bishiyar da ke ƙarshen gonarka, ranar da jiragen sama ke kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. A irin wannan rana a ninka iyakar nan sau goma ba abin mamaki ba ne.

Daga ina hazon ke zuwa? Yara da yawa suna tsammani ƙurar garinsu ce iska ta tayar. Ba haka ba ne. Can arewacin ƙasar Cadi, fiye da kilomita 1,000 daga nan, akwai wani babban kwari da a ke kira Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce ruwan Tafkin Cadi ya rufe wurin. Da ruwan ya janye sai ya bar farar laka busasshiya, wadda yawancinta ɓawon waɗansu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka kwanta. Iskar arewa maso gabas ta kan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a bakin kwalbati, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Ana haka wajen kwana 100 a shekara, ba kuwa wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso Kano. Wata ma ba ta tsayawa, sai ta haye teku ta sauka a dazuzzukan Birazil. Manyan ƙwayoyin sun zube a hanya, abin da ke iso mana mai laushi ne, shi ya sa za ka share tebur da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa.

Ba na zagin hunturu. Manomin alkama ya san in ba sanyi ba alkama. Waɗanda suka auna ƙurar da ke sauka a ƙasar Hausa kuma sun tarar tana ƙara wa gona abinci. Kakanninmu sun zauna da ita, mu ma za mu zauna da ita, ba sarki ko gwamna da zai hana ta zuwa. Abin da ya dame ni shi ne abin da mu ke ɗora mata da hannunmu, watau hayaƙi. Hayaƙi kusan dukansa daga ƙananan ƙwayoyin nan ne, ga shi kuma yana ɗauke da baƙin kunkunniya da guba iri iri wanda ƙurar hamada ba ta da shi. A nan ƙasarmu kuwa lokacin hazo da lokacin ƙone-ƙone tare su ke zuwa.

Ga dalili. Kafin a gama dam na Tiga a 1974, manomin Bunkure in ya kai amfaninsa rumbu sai ya huta har damina. Da ruwan Tiga ya biyo hanyoyinsa zuwa Kadawa, da Kura, da Bunkure, da Garun Malam, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sai gona ta daina hutu. Wannan alheri ne babba, kada wani ya ce Malam ya rena noman rani, da shi a ke biyan kuɗin makarantar yawancin yaran da na ke koyarwa. Amma ku dubi yadda shekara ta matse. Ana yankan shinkafar damina a Oktoba da Nuwamba. Alkama kuwa tilas ta shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, in ba haka ba zafi ya riske ta kafin ta cika ido. Mai tumatir da mai albasa su ma suna gaggawa. Kowane tan na shanshera yana barin kusan tan guda na kara a gona. Ga kara tsibi tsibi, ga kwanaki sun ƙure, ga lebura da tsada. Ashana ɗaya ta gama aikin da mutum biyar za su wuni suna yi. Wa zai ga laifin manomi da sauri?

Ba karan gona kaɗai ba. Kura ta yi suna wajen gyaran shinkafa, har daga jihohi masu nisa a ke kawo mata. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Inda aka tara shi aka sa masa wuta ba ya ci bal bal ya mutu, sai ya yi ta cin ciki kwana da kwanaki yana fid da hayaƙi a hankali. Ga mata masu turara shinkafa tsaye a kan manyan tukwane tun asuba, wata da goyo a baya. Ga injunan ban ruwa da na casa suna aman baƙin hayaƙi. Ga motocin tumatir jere a Kwanar Gafan, ba a kashe su ba. A cikin gari kuma ga juji, wanda a zamanin iyayenmu toka ce da kashin awaki a ke kwasa a kai gona, yanzu rabinsa leda ce da roba, ba abin da a ke yi masa sai wuta. Daɗin daɗawa ga samari masu jin ɗumi da tsohuwar taya.

Akwai wata ƙasa da ta riga mu bin wannan hanya, ya kamata mu leƙa ta. A jihar Panjab ta Indiya noman ban ruwa ne kamar namu, shinkafa ta fita, alkama ta shiga, kwanakin da ke tsakani kaɗan ne. Su ma wuta su ke sa wa karan. Hayaƙin ya kan bi iska har birnin Delhi, mai nisan ɗaruruwan kilomita, ya haɗu da na motoci da na masana'antu. A Nuwamba 2019 hukuma ta yi shelar cewa lafiyar jama'a tana cikin hatsari, aka rufe makarantu. A Nuwamba 2024 aka sake rufe su. Birni ne mai manyan lambunan shaƙatawa masu kyau, amma a waɗannan kwanaki likitoci cewa su ke yi kada kowa ya fita motsa jiki. Gonakinmu ba su kai nasu yawa ba ko kusa. Sai dai su hayaƙin tafiya ya ke yi kafin ya same su, mu kuwa gonar tana bayan katangar makaranta.

Yanzu ga abin da na fi so kowane mai karatu ya riƙe, wato zancen lokaci. Kun taɓa lura da hayaƙi da tsakar rana? Miƙewa ya ke yi sama ya ɓace. To, ku dube shi da almuru, ko da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Ba ya tashi. Ya kan kwanta a kan gonaki da rufin gidaje kamar an shimfiɗa farin zane, mutum yana tafiya kansa a ciki. Dalili shi ne, da rana ƙasa tana da zafi, iskar da ke kanta tana ɗumama tana hawa, tana tafiya da hayaƙin. Da rana ta faɗi sai ƙasa ta huce da sauri, musamman a hunturu. Iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta zauna a bisanta kamar faifai a bakin tukunya. Duk abin da aka ƙona a ƙarƙashin faifan nan yana nan tare da mu har hantsi. Wuri mai kwari, kamar fadama da bakin hanyar ruwa, ya fi tara shi.

Wannan faifai ne ya yi wa mutanen Landan ɓarna a 1952. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba sanyi ya sauko, iska ta tsaya cik, kowane gida yana ƙona gawayin kwal don jin ɗumi. Hayaƙi ya kwanta a birnin har mutum ba ya ganin ƙafarsa. Shanun da aka kawo bikin nunin dabbobi ma waɗansu ba su kai labari ba. Da aka yi lissafi a lokacin sai aka ga mutum wajen 4,000 sun mutu fiye da yadda aka saba, binciken da aka yi daga baya ya kai adadin kusan 12,000. A 1956 majalisar Ingila ta yi dokar tsabtace iska.

To, ku auna wannan da al'adarmu. Yaushe a ke sa wa juji wuta? Da yamma. Yaushe manomi ke kunna karansa? In ya tashi aiki zai tafi gida, don ta ci da dare. Yaushe yara ke cika dandali, samari ke buga ƙwallo, tsofaffi ke zama a ƙofar gida? Da yamma ɗin nan dai. Yaro mai gudu a fili kuwa numfashinsa ya ninka na mai zaune sau da yawa, da baki ya ke shaƙa, ba ta hanci ba, saboda haka ko ɗan tacewar da hanci ke yi babu. Ga shi gajere, kusa da ƙasa. Ga huhunsa bai gama girma ba.

Mu malamai ma muna da namu kason. A makarantu da yawa, na gwamnati da na ekklesiya, aikin fari da safe shi ne shara. Yara hamsin da tsintsiya hamsin a busasshen fili, da ƙarfe bakwai, lokacin da iska ba ta motsi. Ƙura ta tashi ta rufe su. A tara ganye da takardu da ledar ruwa a gindin katanga a kunna. Sa'an nan a buga ƙararrawa, a jera su cikin wannan ƙura da hayaƙi, a ce su buɗe baki su yi waƙa da ƙarfi. Mai duba makarantu in ya zo zai yaba, gama fili ya yi fes. Amma duk malamin da ya riƙe rajista a Janairu ya san yadda tari ke hana shi jin amsar yara, ya kuma san kujerun da ke zama ba kowa.

Me wannan ƙwaya ke yi a jiki? Kowa zai ce tari da mura da jan ido, gaskiya ne. Mai asma kuwa shi ya fi kowa sani. Amma ga abin da ya ba ni mamaki sa'ad da na fara karanta shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacinsu, in an haɗa da hayaƙin cikin gida kuwa sun kai miliyan 6.7. Yawancin na wajen nan ba ciwon huhu ne ya kashe su ba. Ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Ƙwayoyin nan su kan sa hanyoyin jini su kumbura su ƙuntata, jini ya yi saurin daskarewa. Saboda haka dattijo mai hawan jini da ke zaune kusa da juji mai hayaƙi kowace yamma yana cikin hatsari ko da bai taɓa yin tari ba. Mace mai ciki ma haka, an ga hayaƙi yana sa a haifi jariri ƙarami ko bakwaini. Tun 2013 kuma masu binciken ciwon daji na hukumar suka sa gurɓatacciyar iska cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin huhu.

Ku iyaye mata, ga abin da za ku iya yi ba tare da kwabo ba. Ciwon haƙarƙari, wanda ma'aikatan asibiti ke kira nimoniya, yana cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar, hayaƙi kuwa yana buɗe masa hanya. In yaro yana tari, ki jira ya natsu, ba yana kuka ba, ki ɗaga rigarsa ki ƙidaya numfashinsa minti ɗaya cif da agogo ko da waya. Jariri da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In ya kai haka, ko kuwa kin ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, kada ki jira maigida ya dawo daga gona gobe, kada kuma ki tsaya ga jiƙo. Asibiti a ranar. Wani abu kuma, kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fid da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci.

Sai zancen sanƙarau. Mu da muka yi wayo kafin 1996 ba mu manta da shekarar ba. A Nijeriya mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka mutu, Kano tana cikin inda abin ya fi muni. Kada a ruɗe, ƙura ba ita ce sanƙarau ba. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bi daga mutum zuwa mutum ta tari da cunkoso a ɗaki. Amma busasshiyar iska da ƙura su kan tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami ƙofa ta shiga jini. Shi ya sa cutar ke tashi da rani ta kwanta da saukar ruwan fari, tun daga Senegal har Habasha. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke tare iri biyar na wannan cuta. In masu allura sun zo, a fito da yara. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa ba a kwana da su a gida.

Wani zai ce, to, a dasa bishiyoyi mana, magana ta ƙare. Ina son bishiya, amma kada mu ɗora mata kayan da ba ta iya ɗauka. Masu bincike a birane sun tarar abin da ganye ke tsotsewa daga iskar gari duka ɗan kaɗan ne cikin ɗari. Amfanin wurin shaƙatawa ya fi zuwa daga nisa. Hayaƙin motoci yana raguwa ƙwarai in ka ja da baya mita 100 ko 200 daga babban titi, saboda haka tsakiyar lambu ta fi bakinsa lafiya nesa ba kusa ba. Wanda ya kai iyalinsa Gidan Zoo ya shige ciki da su, kada su yi zaman bakin ƙofa inda A Daidaita Sahu ke tsayawa. Mai gudun safe kuma ya bar gefen titin Zariya. Wannan ne ma ya sa ƙaramin fili da aka yayyanka aka kewaye da kantuna da janareto ba ya amsa sunansa, ko da an bar bishiya uku a tsakiya. Birni in ya sayar da filayensa, huhun 'ya'yansa ya sayar.

A ƙauye kuwa, abin da ya fi tare ƙurar hanya shi ne shinge mai kauri tun daga ƙasa har ya wuce kan yaro, ba doguwar bishiya mai siririn gindi da iska ke bi ta ƙarƙashinta ba. A zaɓi masu ganye da rani. Kuka da hunturu tsirara ta ke. Darbejiya da mangwaro suna riƙe ganyensu, gawo ma sai da rani ya ke yin nasa. Makarantar da ke bakin hanyar Karfi zuwa Rano, ko kowace hanya mai motoci, shingen nan ya fi mata fenti amfani. Muna kuma da wani babban alheri, watau ruwa da rani. Fili in an bar ciyawa mai yaɗo ta rufe shi ba ya tayar da ƙura. In ba ciyawa, bokiti biyu da aka yayyafa kafin shara sun isa kwantar da ita. A dai kula kada a bar ruwa ya kwanta ya tara sauro, kada kuma a aiki yara su shiga hanyar ruwa ɗiba, gama tsargiya tana nan.

Komawa ga manomi, gama a hannunsa babbar wutar ta ke. Tun 2011 akwai dokar Gwamnatin Tarayya da ta hana ƙone-ƙone a fili barkatai, amma ban ga amfanin tsorata talaka da dokar da ba mai bi ba. Gara a yi masa lissafi. Sa'ad da ka ƙona kara, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, wanda ka ke saye da tsada cikin buhun yuriya, kusan duka ya bi hayaƙi. Abin da zai ruɓe ya sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa shi ma ya tafi. Toka kaɗai aka bar maka. Karan nan kuwa abincin shanu ne, Fulani da masu kiwon turke suna nemansa in rani ya yi nisa. Ana shimfiɗa shi a kwamin albasa da tumatir ya rage ban ruwa da ciyawa. Ana tara shi da kashin dabbobi ya zama taki. Akwai ma hanyar jiƙa shi da ruwan yuriya a rufe mako biyu ko uku ya ƙara wa shanu amfani, sai dai a nemi malamin gona na KNARDA ko ma'aikatan tashar bincike ta Kadawa su nuna awon, gama yuriya in ta yi yawa tana kashe dabba. Ɓuntu kuma masu kaji suna shimfiɗa shi, ana kuma curawa a yi makamashi da shi. Na san kwashe kara aiki ne, wanda ke da eka biyar da 'ya'ya ƙanana ba zai iya duka ba. In wuta ta zama tilas, to, a bari karan ya bushe sarai, a kunna da hantsi ko tsakar rana sa'ad da hayaƙi ke tashi sama, a tsaya a kai har ta mutu kafin la'asar. Ɗanyen kara da aka kunna da magariba shi ne mai kwana a ɗakin maƙwabci.

A lura kuma da inda iska ke fitowa. Da hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, ba ta cika sauyawa ba. Saboda haka juji, da murhun turara shinkafa, da tsibin ɓuntu, wurinsu kudu maso yamma da gidaje da makaranta, don iska ta tafi da hayaƙin daji. Na sha ganin an yi akasin haka, ba don mugunta ba, don dai ba wanda ya tsaya ya jiƙa yatsa ya ɗaga. Uwargida mai sana'ar turara kuma ta sauke goyo ta ba wata ta riƙe nesa da tukunya. Game da rufe hanci, mayafi da rawani da ƙyalle suna tare manyan ƙwayoyi, amma ƙananan suna ratsa su. Takunkumin da a ke kira N95, irin wanda muka sani a lokacin korona, shi ne ke tare su in ya zauna daidai a fuska. Mai casa da mai shiƙa da mai aiki a injin sun fi kowa bukatarsa. Ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.

A taron iyaye da malamai na wannan zango, ina roƙon wani uba ko wata uwa ta miƙe ta kawo maganar nan, gama in daga bakin iyaye ta fito hedimasta ya fi saurin ji. A mai da shara bayan an tashi, a yayyafa ruwa tukuna. A haƙa rami don ganye da takarda, a daina kunna wuta a harabar makaranta sam. A ɗaga wasan motsa jiki zuwa hantsi. Ranar da hazo ya rufe har ba a hangen ƙarshen fili, a yi taron safe a cikin aji, yaro mai asma kuma kada a tilasta masa gudu ko a ce ragwanci ne. Dattawan ekklesiya da Zumuntar Mata su ma su dubi harabarsu ran Asabar da yamma, lokacin da a ke share ta domin Lahadi. Manoman da gonakinsu ke kewaye da makaranta kuwa, yawancinsu 'ya'yansu ne a ciki, mai unguwa yana iya tara su a yi magana ɗaya a kan ranar ƙuna da sa'arta.

Mai tambaya ko mai ƙarin bayani ya rubuto ta hannun Edita, musamman manoman da suka gwada barin ƙona kara, ina so in ji yadda gonar ta yi a shekara ta biyu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.